Yadda Ɗalibin Falsafa Zai Gyara Halinsa Yana Tsakiyar Karatu

Ina digiri na biyu a falsafa, bincikena a kan tarbiyyar kai ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya karance duk abin da aka rubuta a kan haƙuri, ya rufe littafi, fushinsa na nan daram. Aristotle, masanin falsafar Girka, ya daɗe da cewa da yin adalci ake zama adali, yau da gobe har ya zama jiki. Ga yadda nake haɗa karatun da aiki.

Ɗauki hali guda tak. "Zan zama mutumin kirki" ya yi faɗi, ba ka da inda za ka kama. Mu ɗaliban falsafa cutarmu sananniya ce, son kayar da abokin muhawara, shi ya sa na zaɓi sauraro.

Da safe ka gindaya wa kanka ƙaramin sharaɗi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kira wannan musharaɗa a cikin littafinsa Ihya'u, ya biyo da muraƙaba, wato sa wa kai ido, sannan muhasaba, wato yi wa kai hisabi. Nawa sharaɗin shi ne a aji ba zan mayar da martani ba sai na maimaita hujjar mai magana, ya ce e, haka yake nufi. Wuyar tana lokacin da amsa ta riga ta zo bakinka, ƙirji ya ɗau zafi, hannu na neman tashi. Nan muraƙaba take. Ka ajiye biro, ka bar shi ya kai aya.

Da dare sai hisabi. Seneca, masanin falsafa na tsohuwar daular Rum, ya ce idan an ɗauke fitila, matarsa ta yi shiru, yakan bi yininsa kaf ba ya ɓoye wa kansa komai. Ni a takarda nake yi, kuma abin da ya faru nake rubutawa. "Na katse ta tana tsakiyar misali" ya fi "ni mai girman kai ne" amfani nesa ba kusa ba, domin na farkon gobe ma za ka iya gyara shi, na biyun kuwa kashe gwiwa kawai yake yi.

Ka kula kada garin gyaran gira a rasa ido. Miskawaihi, masanin falsafa Musulmi wanda ya rasu a 1030, ya bi Aristotle a kan cewa nagarta tana tsakanin gazawa da wuce iyaka. Wanda sauraro ya hana shi faɗin gaskiya a inda ta kamata, bai gyaru ba tukuna.

Bayan wata guda, ka nemi abokin karatu mai gaskiya ka tambaye shi ko ya ga canji. Duk abin da ya faɗa ka rubuta, kada ka kare kanka a wurin.