An saka ka a gajeren fim na gasa? Ga yadda ake tsayawa gaban kyamara

Yawancin yaranmu da ake ɗauka a irin gajerun finafinan nan na gasa daga diramar makaranta suka fito, ko ta Islamiyya ranar walimar sauka. To a dandali dole ka ɗaga murya ka ware hannu ka zaro ido don na can baya ya san me ake ciki, amma kyamara ba ta son wannan sam, tana nan dab da hancinka, ko ƙifta ido ka yi ta ɗauka. Don haka ɗan'uwa abu na farko ka rage. A ce a labarin an tashe ka da asuba an ce bijimin da Baba zai kai kasuwar Wudil ranar Juma'a ya mutu cikin dare, ba sai ka zube ƙasa kana birgima kana wayyo Allah ba. Ka tsaya ka kalli turken da igiyar, ka haɗiye yawu, ka juya. Wallahi wannan ya fi taɓa alƙalan gasa, kuma yawanci su ma 'yan harkar ne, sun gaji da ganin kukan ƙarya.

Maganarka kuma kar ka haddace ta kamar karatun allo kana rerawa. Ka gane me mutumin yake so a wannan sin ɗin, wato ɓangaren labarin da ake ɗauka, bashi ya zo nema ko biko, sai ka faɗe ta da bakinka, in darakta ya yarda. In kai ɗan Haɗeja ne ko Gumel ka yi Hausarka, kar ka ari ta cikin birni, ana ganewa. Kuma in abokin wasanka na magana ka saurare shi da gaske, mutane da yawa sai ka ga idonsu ya tafi wani wuri suna jiran layinsu ya zo, kuma a nan ne sau da yawa mai editin yake yanko fuskarka.

Inda sababbi suka fi jawo rigima shi ne kwantiniti, wato komai ya zauna iri ɗaya daga wannan ɗauka zuwa waccan. Sin ɗaya za a ɗauke shi daga nesa, a dawo a ɗauki fuskarka, a koma kan abokin wasanka, wataƙila ma a ƙarasa jibi. In da hannun dama ka riƙe ludayi a ɗaukar farko to da dama za ka yi ta riƙewa, furar da ke ƙwaryar ma kar ka shanye ta kafin a ce kot, wato a tsayar da ɗauka. Hula yadda ka kafa ta haka za ta zauna. Kar ka je aski a tsakiyar shutin, kar ka bari a wanke rigar da aka ɗauke ka da ita da ƙurar gona. Ke kuma 'yar'uwa ki lura da lalle, yana dusashewa cikin kwanaki, da ɗaurin kallabi. Ku sa wani ya ɗauke ku hoto a waya kafin a fara kowane sin, shi ne zai raba gardama.

Sauti a ƙauye sai haƙuri. Injin niƙa, babur, zakara, jaki, ga yara 'yan kallo da za su fashe da dariya daidai lokacin da hawaye ya zo maka. In haka ta faru kar ka tsaya da kanka, ci gaba har sai darakta ya tsayar, kuma kar ka waiga ka kalli kyamara. Haske ya fi kyau da hantsi da bayan la'asar, rana tsaka tana sa ka runtse ido ta zuba maka inuwa a fuska, shi ya sa in an ce ƙarfe 7 a lokeshin ba wulaƙanci ba ne, ka karya kumallo ka fito.

Kafin duk wannan ka tambaya ko an je an gaida mai unguwa ko dagaci an sanar da su, in da 'yan mata a fim ɗin kuma a samu iyayensu a gida ba a waya ba. A Kano akwai hukumar tace finafinai tun 2001, batun sutura da taɓa jiki tsakanin namiji da mace ba a wasa da shi, in ka ga sin ɗin da bai kwanta maka ba ka faɗa tun a rihazal. Kuɗi ma ku yi maganarsa a fili, galibi na mota ne da abinci, sai ku ji yadda za a raba kyauta in Allah ya sa an ci. In kuma ranakun shutin sun faɗo lokacin noman farko, ka gaya wa furodusa tun yanzu ya san yadda zai jera sin ɗinka.