Yadda mai minshari zai shirya wa tiyata a Saudiyya

Na daɗe ina raka 'yan'uwanmu asibiti a Makka da Jidda ina yi musu tafinta, kuma kuskure ɗaya nake ta gani. Likitan banj, wato mai sa majinyaci barci lokacin tiyata, zai tambaya ko mutum yana minshari, sai ya ce a'a, ko don kunya, ko don shi bai taɓa jin kansa ba.

Minsharin da nake nufi shi ne wanda numfashi ke ɗaukewa a cikinsa. Mutum yana ja, sai ka ji tsit na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura ya fizgi iska kamar wanda aka shaƙe. Harshe da naman maƙogwaro ne ke saki su toshe hanyar iska. A gida ƙwaƙwalwa ce ke ɗan farkar da shi ya ci gaba da numfashi. To banj da magungunan ciwo masu ƙarfi wannan farkawar suke dakushewa, kuma nan haɗarin yake.

Da farko, tun kafin ranar ganin likita, ka tambayi wanda yake kwana kusa da kai. Maiɗakinka ko abokin ɗakinka ya ɗauke ka a waya kana barci. Minti biyu sun isa.

Sannan ka gwada kanka da tambayoyi 8 da ake kira STOP-BANG, waɗanda likitoci a Toronto ta Kanada suka fitar a 2008: minshari mai ƙara, gajiya ko gyangyaɗi da rana, an taɓa ganin numfashinka ya tsaya, hawan jini, ƙiba mai yawa (ma'aunin BMI, wato na nauyi bisa tsayin mutum, sama da 35), shekaru sama da 50, kaurin wuya da ya wuce santimita 40, da kasancewa namiji. Ari tef wajen tela ka auna wuyan, ba sai ka saya ba. In ka amsa "e" sau 3, dole likita ya ji. In sun kai 5, haɗarin babba ne.

Ranar zuwa asibitin takhadir, wato sashen likitocin banj, kada ka tafi kai kaɗai. Ka nuna wa likita bidiyon, ka tambaye shi ko aikin zai yiwu da allurar kashin baya ko kashe wurin kawai. Gwajin barci, inda ake auna numfashin mutum yana barci, yana da tsada a asibitin kuɗi, amma mai shirin takmim, wato aikin rage girman tumbi saboda ƙiba, a ganina kada ya yi wa wannan kuɗin ƙwauro. In kuma kana da na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta hanci don hanyar numfashi ta zauna a buɗe lokacin barci, ka tafi da ita asibiti, da abin rufe hancinta da bututunta da wayar wutarta.

Inda na fi so a tsaya shi ne daren farko bayan aiki, domin a nan na ga an kusa rasa mutum. Wani dattijonmu ne aka yi wa aikin gwaiwa, aka fito lafiya, kowa ya yi hamdala ya watse. Ɗansa ne murafiƙ, wato mai zama da majinyaci a asibiti. Da dare dattijon ya yi ƙorafin ciwo, yaron ya yi ta roƙon ma'aikaciyar jinya har aka ƙara allura. Ya sauke masa gadon ya kwantar da shi rigingine don ya ji daɗi, ya zare abin da ke maƙale a yatsa saboda ƙararsa ta hana Baba barci. Da na shigo bayan asuba, yaron ya ce mini, "Kawu, yau Baba ko minshari bai yi ba." Gabana ya faɗi. Leɓensa ya riga ya yi duhu, da ƙyar aka tashe shi. Allah ya yi da sauran kwana.

Saboda haka murafiƙ ya zama mai iya raya dare. Kan gado ya tsaya a ɗage kamar digiri 30, ko majinyacin ya kwanta ta gefe in aikin ya bari. Abin yatsan nan iskar da ke cikin jini yake aunawa, kada a taɓa shi, in ya yi ƙara a danna ƙararrawa. Duk lokacin da za a ba da maganin ciwo mai ƙarfi kamar mofin ko fetidin ko tiramadol, ka tuna wa ma'aikacin cewa majinyacin nan numfashinsa na ɗaukewa, ka tambaya ko farasitamol da makamantansa za su wadatar. Ko gyangyaɗin rana zai yi, a saka masa CPAP. In ka kira sunansa ka girgiza shi bai farka sosai ba, ko numfashin ya yi nisa da juna, kira ma'aikata nan take.

Bayan sallama kada a saki jiki, domin ɗaukewar numfashin takan fi tsanani wajen dare na uku. Ban da maganin barci, ban da Valium, ban da ragowar ƙwayar ciwon da wani ya ba ka. A tara matasai a bayansa, wani ya kwana kusa da shi. In akwai tambaya a kira 937 na Ma'aikatar Lafiya, in kuma ya ƙi farkawa a kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar a 997.