Yadda na gyara bututun ruwan gida da ke ƙarƙashin ƙasa

Ruwa ya rage ƙarfi. Na rufe duk famfunan gida amma mita ba ta daina juyawa ba, nan na tabbatar bututun yana yoyo a ƙasa. Na kashe ruwa daga bakin mita, na haƙa inda ƙasar ke jiƙe kullum.

Tsohon bututun ƙarfe ne, tsatsa ta cinye shi har yana marmashewa a hannu. Faci a irin wannan ɓata lokaci ne. Na sauya shi ɗungurungum da baƙin bututun roba na HDPE mai milimita 25, ba haɗi a tsakiya, na lulluɓe shi da yashi saboda duwatsu. Kafin in binne na saki ruwa, na duba mahaɗan biyu, ko ɗigo babu, mita kuma ta tsaya cak.