Idan mota ta ƙi tashi da safe

1. Inji a kashe, ɗora mitar awon wuta a kan batir. Bolt 12.6 cikakke ne, ƙasa da 12.2 yana neman caji.

2. Duba kawunan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta, ka kankare shi ka ɗaure tam. Zafin garuruwan Garwa da Marwa a watan Afrilu kuwa yana ƙafar da ruwan batir. Ƙara masa tataccen ruwa (distilled water), kada ka kuskura ka zuba na rijiya.

3. Wani ya murza makulli kana kallon mita. In ta sauka ƙasa da 9.6, batir ya gaji.

4. In inji ya tashi, a samu 13.8 zuwa 14.5. Bai kai ba? Taɓa bel ɗin da ke juya dinamo (na'urar da ke cajin batir) tukuna kafin ka zargi dinamon, sau da yawa bel ɗin ne ya sakwarkwace.