Yadda Ake Ɗanɗana Wuskin Sikotlan Da Ya Kwana A Gangar Jan Giyar Inabi

Abu na farko, kar launi ya ruɗe ka. Irin wannan wuskin yakan fito da ɗan ja-ja mai ɗaukar ido, sai mutum ya yanke hukunci tun bai kai kofi baki ba, alhali doka ma ta yarda a ƙara masa kalar karamel. Hanci da harshe su ne alƙalai.

Karanta jikin kwalbar tukuna. Dokar 2009 ta ce sai wuski ya yi aƙalla shekara 3 cikin gangar katakon oak a Sikotlan kafin a kira shi Scotch, kuma ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. To wani duk rayuwarsa a gangar inabin ya yi, wani kuma a gangar bourbon, wato wuskin Amurka, ya girma sai daga ƙarshe aka juye shi cikin ta inabi na ɗan lokaci, shi ne za ka ga an rubuta finish. Wuskin Tullibardine 228 irin na biyun ne, lambar ma girman gangar giyar inabin Burgundy ta Faransa ce, lita 228. Kamfanin Arran suna da na gangar Amarone, wata jan giyar inabi ta Italiya.

Samu kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki irin Glencairn, zuba kaɗan kamar mil 25, ka bar shi minti goma ya sha iska. Banda ƙanƙara don Allah, sanyi kashe ƙamshi yake.

Shinshina a hankali, baki ɗan buɗe, kar ka cusa hanci ciki don zafin zai toshe maka komai. Abin da kake nema ƙamshin jajayen 'ya'yan itace ne da busasshen inabi, wani sa'in har da cakulan. In ka ji warin ashana da aka ƙyasta, farar wuta ce, da ita masu giyar inabi suke turara ganga don kar ta lalace. Kaɗan ba laifi, amma in ta yi yawa ni kam gangar nake zargi.

Yanzu kurɓa kaɗan ka riƙe a baki, nan ne aikin yake. Za ka ji zaƙi ya fara zuwa, sannan wani bauri ya biyo baya ya busar maka da dasashi da gefen harshe, wannan tanin ne daga fatar inabi da katakon, kuma shi ne ya raba wannan wuskin da sauran. Tambayar da nake yi wa kaina kullum ita ce, har yanzu ina jin sha'ir ɗin da aka yi wuskin da shi a ƙasa ko inabin ya danne shi gaba ɗaya? Don akwai gangar da ake sawa kawai ta rufe asirin wuskin da bai nuna ba, kuma abin yana min ciwo sosai. Wuskin Longrow Red na garin Campbeltown a Sikotlan yana burge ni saboda ƙamshin hayaƙinsa bai yarda inabin ya cinye shi ba.

Daga nan ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku ka sake shinshinawa, sau da yawa baurin yakan lafa 'ya'yan itacen su fito fili. In da hali ajiye wani kofin a gefe, na kamfani ɗaya wanda gangar bourbon kaɗai ya sani, ka fara da shi kafin na inabin, ka kurkure baki da ruwa a tsakani.