Yadda Ake Sassabe da Saran Itace da Adda

Adda tana sara ne da nauyinta da kuma yadda aka karkata bakinta, ba da ƙarfin damtsen mai riƙe da ita ba, kuma wanda bai gane haka ba yakan gaji tun hantsi bai yi ba. Kafin a fita sai a duba ƙota, a tabbatar ƙarfen ya ratsa ta har ƙarshe kuma ƙusoshinta ba sa motsi. Wadda maƙera suka ƙera da ƙarfen sifirin na mota tana riƙe kaifi sosai, amma tsatsa na saurin kama ta, don haka a riƙa goge ta a shafa mata mai bayan aiki. A wasa ta da magagari ko dutse daga tsakiya zuwa tsini, a bar ɗan taƙi kusa da ƙota babu kaifi. Dakusasshiyar adda ta fi haɗari, domin ita ce ke zamewa daga jikin itace ta nufi ƙafa.

Idan reshe za a sare, kada a kai masa sara a miƙe, domin bakin addar zai cije ko ya dawo baya. A karkata ta kamar rabin kusurwa, wato tsakanin tsaye da kwance, a sara daga dama sannan daga hagu, har ɓallin itace ya riƙa fita da kansa, kuma faɗin ramin ya kusan kai kaurin reshen. Wurin da ya fi ci shi ne gaban addar inda ta fi faɗi. A sassauta riƙo kaɗan, a bar wuyan hannu ya ƙarasa saran. Wajen faskaren ƙaramin gungume kuwa, a tsayar da shi a kan kututture, a ɗora bakin addar a kansa, a riƙa dukan bayanta da wani itace har ya tsage. Kada a doke ta da dutse ko ƙarfe. Icen da ya fi cinyar mutum kauri aikin gatari ne.

A wajen sassabe, a riƙe sanda mai ƙugiya a ɗaya hannun don janye ƙaya da rassa, ta yadda hannu ba zai shiga hanyar sara ba. Ƙafar da ke ɓangaren da saran zai ƙare ta kasance a baya, kuma a ba abokin aiki tazara mai yawa. Wannan sanda ce kuma za a fara kaɗa ciyawa da ita, saboda kububuwa da kasa suna kwanciya a gindin sabara da kalgo, musamman farkon damina. Wanda maciji ya sara a gaggauta kai shi asibiti, ba tare da tsaga wurin ko ɗaure shi tamau ba. Tumfafiya ma tana buƙatar kula, domin farin ruwanta yana illata ido.

Abin da na fi so manomi ya riƙe shi ne ba duk tsiron da ke gona ake sharewa ba. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun cikin shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture: sukan zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi kuma miƙaƙƙu, su sare sauran, su rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayi. Ta wannan hanya gawo da sauran itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta na gonaki. A irin wannan gyara ana kai sara ne daga ƙasa zuwa sama da adda mai kaifi sosai, domin saran da ya fito daga sama yana yage ɓawo ya tsaga reshen da ake son rayawa, ya buɗe wa ƙwari da ruɓa hanya.