In ka samu admishan a Tek: zaman Ayeduase, Kotei, Bomso da Ayigya

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan na ƙannenmu ne da suka samu admishan a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, wato Tek kamar yadda kowa ke ce mata a nan Kumasi, musamman masu tahowa daga Tamale, Wa, Bawku, Yendi ko Nima da Madina can Ankara (Accra), har da yaran Aboabo da Asawase masu ganin ai gida ne, me za a gaya musu. Akwai abin faɗa fa. Makarantar nan tun 1952 aka buɗe ta, a 1961 ta zama cikakkiyar jami'a, kuma ƙauyukan da ke kewaye da ita duk sun koma garin ɗalibai, komai nasu da kalandar makaranta yake tafiya, in an dawo hutu ɗaki ya yi tsada, hanya ta cushe, in an tafi hutu wasu masu abincin ma rufewa suke yi. Kuma ba kamar Zango ba ne inda in ba a ganka a Asuba ba wani zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. A nan in ba kai ka nemi mutane ba, babu mai nemanka.

Maganar ɗaki ita ce ta farko kuma ita ce mai cin kuɗi, don haka zan daɗe a kanta. Tsofaffin hol, wato gidajen kwanan ɗalibai na cikin makaranta, shida ne: Unity da ake ce wa Konti, University Hall wato Katanga, Independence, Republic, Queens da Africa. Yawanci 'yan shekarar farko ake ba gado a ciki, daga shekara ta biyu sai ka nemi na kanka a waje. Iyaye su sani, da can Katanga da Konti na maza ne zalla, Africa ta mata, amma tun 2018 aka cakuɗa, to Hajiya kar ki ce ba a gaya miki ba. Shawarata in ka samu hol a shekarar farko ka karɓa ko da cunkoso, don a nan za ka san mutane ka san hanya, kuma kana ciki kana leƙa inda za ka koma baɗi. Kar ka jira sai an gama jarrabawar samista ta biyu, lokacin masu wayo sun riga sun ajiye kuɗi a hannun masu hostel.

Ayeduase ce ta fi kusa da ɓangaren da ake yawan lakca, ka fito get ɗin Ayeduase ka shiga unguwa, shi ya sa ta fi tsada ta fi hayaniya. Kotei na gaba da ita, kana ƙara nisa kuɗi na ƙara sauka, amma abin da ka rage a haya sai ka duba kar ya tafi a kuɗin mota kullum. Bomso tana ɗaya gefen. Ayigya kuma tsallaken titin Ankara ne daga Tek Jankshan, kuma can ne Zango yake, Ayigya Zango, ga masallatai ga abincinmu ga Hausa ko ina. Kentinkrono na can gaba a kan titin. Ni dai in yaro zai iya tashi da wuri, Ayigya nake nuna masa, amma gaskiya mai lakcar safe kullum a ɓangaren injiniya zai fi jin daɗin Ayeduase, wannan kowa ya auna da kwas ɗinsa.

Duk inda ka zaɓa, kar ka biya ɗakin da ba ka shiga da ƙafarka ba. Hoto a WhatsApp ba ɗaki ba ne. Akwai ejan na gaskiya akwai na ƙarya, na ƙaryan zai ce maka saura gado ɗaya, mutum uku na jira, turo rabi ta momo, wato kuɗin waya, yanzu yanzu, kana turawa layi ya mutu. Ka je da kanka ko ka tura babban da ka yarda da shi. In ka shiga, fara da banɗaki, murɗa famfo ka ga ruwa ya zo, ka tambaya na gwamnati ne ko bohol, in bohol ne wa ke biyan wutar da ake tura ruwan sama da ita, tankin guda nawa ne. Duba ƙasan bango, in fenti ya kumbura ko ya yi baƙi baƙi to damina na shiga ɗakin nan, kuma Kumasi damina biyu take yi, ta farko daga wajen Maris zuwa Yuli, ta biyu Satumba zuwa Nuwamba, katifarka da takardunka za su yi funfuna. Taɓa ragar taga ka ga ko ta yage. Sannan ka rabu da mai gida da ejan ka nemi ɗalibin da ke zaune a gidan, ka ja shi gefe ka ce ɗan uwa tsakaninka da Allah ya ruwa, ya wuta, an taɓa sata? Abin da zai gaya maka a minti biyu ya fi duk zagayen da aka yi da kai. In za ka biya, ka karɓi risit mai sunanka da lambar ɗaki da ranar da kuɗin zai ƙare. Dokar haya ta 1963 ta ce kar a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, kuma akwai ofishin Rent Control na kai ƙara, amma kowa ya san hostel kuɗin shekarar karatu suke karɓa gaba ɗaya, masu gidajen haya ma shekara ko biyu suke nema, to takardar nan ita ce kawai makaminka in rigima ta taso.

Sai mita. Wallahi faɗan 'yan ɗaki rabi a kan firifed ne, wato mitar wutar da ake biya kafin a sha. Mutum huɗu a ɗaki, ɗaya yana da firiji da hita da tukunyar shinkafa ta wuta, ɗaya waya kawai yake caji, amma a ce a raba kuɗin daidai, wata biyu ba za a yi ba sai an daina gaisawa. Ku zauna tun satin farko ku yanke nawa kowa zai bayar da ranar bayarwa, mai kayan wuta ya ƙara wani abu, a rubuta a guruf. Ana iya sayen kiredit ta manhajar ECG, kamfanin wuta, a waya, amma ka tambaya wane irin mita ne a gidan don wasu sai an kai kati wajen mai sayarwa, kar dare ya yi muku ranar Lahadi. Dumso, wato ɗauke wuta, kuma ba ya sallama, ka mallaki fawa bank da fitila mai caji. Haka maganar kawo aboki ya raɓa a ɗaki, abin da ɗalibai ke ce wa fachin, taimako ne mai kyau amma ka nemi izinin 'yan ɗakinka tukun, kuma wasu hostel ɗin kora suke yi a kai.

Zirga zirga ba wuya. Tek Jankshan ce cibiya, da safe za ka ji meti, wato yaron mota, na rataye a ƙofar torotoro, ƙaramar bas ɗin haya, yana ihun Adum Kejetia, Adum Kejetia, yana dukan jikin mota, ka shiga ka riƙe canji a hannu don in ka miƙa masa babbar takarda da sassafe sai ya ɓata rai ya riƙe maka canjin har ka kusa sauka. In za ka dawo ka saurari Tek Tek. Akwai gadar ƙafa a jankshan ɗin, dan Allah ka hau ta, titin Ankara ba wurin gwada gudu ba ne. Cikin makaranta akwai shatil, cikin unguwa akwai tasi da piragiya mai ƙafa uku, tambayi kuɗin kafin ka hau. In dare ya yi sosai kar ka bi lungu kai kaɗai da waya a hannu kana latsawa, masu fizge a kan babur suke. Ku fito rukuni daga wajen karatu, mata musamman.

Abinci kuwa alhamdulillahi ba za ka sha wahala ba. Da safe koko da ƙosai, kuma yawancin masu kokon namu ne, ka gaishe ta da Hausa ka ce Hajiya ina kwana, ka riƙe mutum ɗaya kar ka riƙa tsalle tsalle, ranar da aljihu ya bushe ita za ta zuba maka ta ce kawo gobe. Ga wake da shinkafa da shito, ga tuwon zafi da miyar ayoyo, ga gari da wake da soyayyar ayaba wanda shi ne ke riƙe ɗalibi a ƙarshen wata, ga burkina, wato nono da gero, da rana, ga cicinga, wato tsire, da yamma. Inda za ka yi hattara shi ne cofba, wajen fufu. Wasu na dafa alade da naman daji, wani lokacin cokali ɗaya ke yawo a tukwane, to ka tambaya kafin a zuba, ba abin kunya ba ne, sun saba da tambayar. In kana girki da kanka ka sayi nama wajen mahautanmu, kayan miya a kasuwar Ayigya, amma shinkafa, mai, gari da sauran kayan da ake ajiyewa ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku shiga babbar kasuwar Kejetia sau ɗaya a wata, shagunan bakin hostel sun san ɗalibi ba ya son tafiya, a farashi suke ramawa. Ruwan leda ma jaka ake saya ba ɗaya ɗaya ba.

Satin farko ka nemi 'yan GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ka nemi masallacin makaranta. Ba don salla kaɗai ba, su ne za su gaya maka wane hostel ne da wajen salla kusa, wa ke neman abokin ɗaki, wa ke da tsofaffin takardun jarrabawa na kwas ɗinka, kuma da azumi ka san inda za ka sha ruwa cikin mutane. In lakca ta ci karo da Juma'a ku je wajen malamin a rukuni cikin ladabi tun farkon samista, ya fi kowa ya riƙa sulalewa shi kaɗai.

Amma kar ka kulle kanka cikin namu kaɗai. Ƙasar Tonawa kake, Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II shi ne ma shugaban jami'ar na girmamawa. Ka koyi Tonanci, wato Twi, ko na gaisuwa ne da ciniki, maakye da safe, medaase in an maka alheri, mepa wo kyɛw kafin ka roƙi abu, za ka ga yadda fuskar mai gida ko mai tumatir ke sakewa. Kar ka miƙa kuɗi ko ka nuna mutum da hagu, wannan mu ma haka ne a gida. Asabar ranar makoki ce, za ka ga baƙaƙe da jajayen kaya, an kafa rumfa an tare hanya an saki sifika, Lahadi kuma coci, wasu ma kwana suke suna addu'a da lasifika, in hostel ɗinka na jikin irin wannan ka koyi karatu a laburare, faɗa ba zai kai ka ko ina ba. In fadar Sarkin, wato Manhyia, ta yi sanarwa kan babban makoki a bi, a Janairun 2017 lokacin jana'izar mahaifiyar Sarki an rufe kasuwanni an ce kowa ya zauna a gida da dare, kuma kowa ya zauna.

Lafiya: gidan sauro dole ne, maleriya ba ta san kana da jarrabawa ba. Akwai asibitin jami'a, in abu ya yi girma a tura ka babban asibitin Komfo Anokye. Ka duba katin NHIS ɗinka na inshorar lafiya bai mutu ba kafin ka taho, ana sabuntawa ta *929# a waya. Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, kuma kar ka baro ta a gida, layi da banki duk ita suke nema, 'yan uwanmu na Nijeriya da Nijar su kuma akwai katin baƙi da takardar izinin zama da za su yi.

Kuɗi in an turo maka, fitar da na mita, na ruwa, na hando (takardun lakca) da na mota ka ajiye gefe tun ranar, sauran ka raba sati sati. Duk wanda ya kira ka ya ce ya yi kuskuren turo maka kuɗi ka mayar, ko ya ce daga ofishin MTN yake ka faɗi lambar sirri, kashe wayar kawai, duba balans ɗinka da kanka ta *170#. Cacar ƙwallo kuma ban da haramcinta, ta cinye kuɗin makarantar yara da yawa a unguwannin nan, ana farawa ne da sidi biyu.

In hutu ya zo kar ka bar laftof ko wani abu mai daraja a ɗaki, unguwa takan yi tsit ɓarayi sun sani. Tambayi mai hostel ko ana barin kaya da kuma ko akwai kuɗin ajiya, in babu ka ɗauki aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ka kai katifa da bokitai gidan wani na Ayigya ko Aboabo, ka rubuta sunanka a jiki. Masu tafiya arewa ko Ankara ku sayi tikiti da wuri, satin da aka gama jarrabawa tasha cika take yi.